Hasumiyar Agadas da rumbunan Damargu

Matafiyin da ya tashi daga Damagaram ya nufi arewa, ya wuce Bakin Birji da Sabon Kafi, ya yada zango a Tanut, yana ganin yadda ƙasa ke sauya kama a gabansa sannu a hankali. Gonakin hatsi suna ta raguwa, rumbuna suna ƙaranci, har a kai inda babu sauran gona, sai makiyaya da rijiyoyi masu zurfi. Bayan Adarbisanat da gangaren Tigidit, sa'ad da tafiya ta doshi kilomita 450, sai ido ya hango wata doguwar hasumiya ta jar ƙasa, mai faɗin gindi da siririn kai, itatuwa sun fiffito mata ta kowane gefe kamar ƙayar beguwa. Ita ce hasumiyar babban masallacin Agadas. Tsawonta mita 27 ne, kuma hukumar UNESCO, wadda ta sanya tsohon birnin cikin jerin kayan gadon duniya a shekarar 2013, ta ce babu wata hasumiya ta tubalin ƙasa zalla da ta kai ta tsawo a duniya.

An saba ba da labarin wannan gini a matsayin aikin sarakuna da waliyyai, kuma babu ƙarya a ciki. Sai dai masu iya magana na cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ruwan saman da ke sauka a Agadas bai isa ya nunar da hatsi ba, saboda haka duk wanda ya kwaɓa ƙasa a birnin, ko ya ɗauki tubali, ko ya hau ya yi yaɓe, da abincin wata ƙasa ya yi aikin. Wannan maƙala za ta bi tarihin masallacin da fasalin gininsa, ta nuna rabon da Damargu ke da shi a ciki, sannan ta kwatanta shi da wani tsohon wurin ibada na ƙasar Indiya, domin a ga abin da ke tsayar da irin waɗannan gine-gine da kuma abin da ke kayar da su.

Birnin da hanyoyi suka haifa

Agadas ɗiyar hanya ce. Kafin ta ɗaukaka, Takadda ce cibiyar kasuwancin yankin, garin tagulla wanda matafiyi Ibn Battuta ya ziyarta a shekarar 1353. A farkon ƙarni na 15, wajen shekarar 1405, manyan ƙabilun Abzinawa suka yarda su naɗa sarki guda wanda zai riƙa raba musu gardama, ya kuma tsare wa fatake hanya. Rubutaccen tarihin masarautar ya ambaci Yunus a matsayin sarki na farko. Fadar ta zauna a wurare dabam-dabam kafin ta tabbata a Agadas a zamanin Sarki Ilisawan, wajen tsakiyar ƙarnin. Zaɓin wurin ya yi ma'ana, domin a nan ne hanyar da ta fito daga Gadamas da Gat ke gamuwa da wadda ta taso daga Gawo, da ta gishirin Bilma, da kuma wadda ta gangara zuwa Katsina da Kano. Ƙabilun da suka zauna sun kafa gidajensu daidai inda zangunansu suke a da, shi ya sa har yau tsohon birnin ke rabe cikin unguwanni 11 masu karkatattun lunguna.

Inda fatake suka taru, malamai kan biyo baya. A farkon shekarun 1490 Shehu Muhammadu al-Magili ya ratsa ƙasar Abzin kan hanyarsa ta zuwa Kano da Katsina, kuma a wannan zamani ne babban malamin Masar, Jalaluddini as-Suyuɗi, ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, har da na Agadas. Arzikin birnin ya kuma jawo hankalin Askiya Muhammadu na daular Songai, wanda ya kawo masa yaƙi wajen 1500, ya sake dawowa wajen 1515, ya ɗora masa haraji. Hasan al-Wazzan, wanda ya kammala littafinsa na bayanin Afirka a 1526, ya siffanta Agadas da gari mai ganuwa, cike da fatake baƙi.

Shekarar 1515 ce aka fi dangantawa da ginin masallacin, kuma tarihin baka na birnin ya jingina aikin ga wani bawan Allah, waliyyi kuma magini, mai suna Zakariya. Binciken da Patrice Cressier da Suzanne Bernus suka wallafa a 1984 ya nuna cewa an yi ta ƙara ginin ne daki-daki, kowane zamani da abin da ya ɗora. Siffar hasumiyar tana da ƴan'uwa a nesa da kusa: hasumiyoyin kwarin Mizab a Aljeriya, masu tsukewa zuwa sama, da hubbaren Askiya na Gawo, wanda aka gina a 1495. Darajar birnin ta fuskar ilimi ba ta gushe ba har rabin ƙarshe na ƙarni na 18, lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yana matashi, ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru zuwa Agadas domin karatu.

Fasalin ginin

Kayan aikin maginin Agadas uku ne: ƙasa, ruwa da itace. Ana haƙo ƙasa a kusa da gari, a jiƙa ta, a tattake ta da ƙafa tare da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta yi danƙo. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, wanda a wasu wurare ake ce wa ƙunƙu, a shanya shi a rana. Magini na jera tubalan a tsaye, yana cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Gaggawa a wannan sana'a ita ce mafarin tsagewar bango.

Ƙasa na iya ɗaukar nauyi mai yawa muddin a bushe take, kuma nauyin na sauka a kanta kai tsaye. Abin da ba ta jurewa shi ne danshi da karkata. Wannan ne ya sa hasumiyar ta kasance mai kusurwa huɗu, tana tsukewa tun daga gindi har kai, ta yadda kowane sahu ya fi na ƙarƙashinsa sauƙi. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya gan ta a 1850, ya ƙiyasta faɗin gindinta da kimanin mita 9, na kanta kuwa bai kai mita 3 ba. Ya ƙidaya sahu 13 na itacen goriba da aka gitta cikin bangon, da ƙananan tagogi 7 a kowace fuska, waɗanda ke haskaka matakalar da ke nannaɗe a ciki.

Waɗannan itatuwa da baƙo ke ɗauka ado ne, aiki biyu suke yi. A ciki suna ɗaure bangaye huɗu da juna, su hana su buɗewa. A waje kuwa su ne matakan da magina ke takawa idan lokacin yaɓe ya yi. Ke nan wanda ya tsara hasumiyar ya san cewa za a riƙa dawowa gare ta, ya kuma bar wa na baya tsani a jikinta. Bayan kiran salla, an yi amfani da ita wajen hangen nesa, ko ayari ne ke tafe ko mahara.

Ɗakin salla kuwa gajere ne, mai duhu da sanyi. Dalili shi ne azarar goriba ba ta da tsawo, ba ta kuma ɗaukar rufin ƙasa a kan tazara mai faɗi, sai aka yawaita ginshiƙai masu kauri, aka bar siraran layuka tsakaninsu, kowane layi daidai sahun masallata. Wanda ya san masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a shekarun 1830, zai ga bambanci: can an yi amfani da bakan gizo, wato azarar da aka ɗaɗɗaura cikin ƙasa ta lanƙwasa, aka sami ɗaki mai faɗi da tuluwa a sama. Maginin Zariya ya nemi sarari a ciki, na Agadas ya nemi tsawo a waje, kowa da irin itacen da ƙasarsa ta ba shi. Fadar Sarkin Abzin na daura da masallacin, kuma kula da ginin na tafiya ƙarƙashin inuwarta, ta hannun Sarkin Magina da jama'arsa.

Abin da Barth ya tarar

Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya shiga Agadas a watan Oktoba na 1850, ya yi kimanin mako uku. Ya halarci naɗin Sarki Abdulƙadir, wanda ya dace da babbar salla. Birnin da ya gani ya riga ya sha wuya: unguwanni da dama sun zama kufai, kuma ya ƙiyasta mazaunansa da kimanin mutum 7,000 kacal. Duk da haka ya tarar da hasumiyar sabuwa ful, domin an sake gina ta shekara 6 kafin zuwansa, wato a 1844. Wannan abin lura ne. Hasumiyar da ake gani yau tana ɗauke da siffar ƙarni na 16, amma jikinta na ƙarni na 19 ne, fatarta kuwa ta jiya-jiya ce. Kuma mutanen da suka ɗauki nauyin tayar da ita sun yi hakan ne a lokacin da garinsu ke cikin koma-baya.

Wani abin da Barth ya lura da shi a kasuwa yana bayyana yadda aka ciyar da wannan aiki. Ya ga cewa wuri, wanda shi ne kuɗin Kano da Katsina, ba ya tafiya a Agadas, kuma abin da ake auna ciniki da shi hatsi ne. Garin da ba ya noman hatsi ya mayar da hatsi kuɗinsa. Ladan magini da na mai ɗauko ruwa a salka, da furar masu miƙa tubali, duk ga mudu suke komawa. Lambunan da ke cikin kwaruruwan Abzin na ba da alkama da dabino da kayan miya, amma abincin yau da kullum daga kudu yake zuwa a bayan raƙuma.

A watan Disamba na wannan shekara Barth ya bi ayarin gishiri na Kel Ewe, ƙarƙashin shugabansu Annur, ya gangaro kudu. A watan Janairu na 1851 suka shigo Damargu, ya ga gonaki da rumbuna bayan watanni cikin duwatsu da rairayi, ya gane cewa ya iso rumbun Abzin. A Tagalal, ƙauyen da ke hannun Annur, shi da abokan tafiyarsa biyu suka fara rabuwa: James Richardson ya nufi Damagaram, daga baya Adolf Overweg ya nufi wajen Maraɗi da Gobir, shi kuma ya kama hanyar Katsina da Kano.

Damargu, rumbun Abzin

Ƙasar da yau ta ƙunshi gundumomin Tanut da Balbeji ita ce iyakar noma ta arewa, inda manomi da makiyayi ke shan ruwa a rijiya ɗaya. Dagirawa da Hausawa sun kafa garuruwa irin su Gangara, Olalewa, Kulan Karki da Jajiduna, Abzinawa da Fulani kuma suna kiwo a kewayensu. A shekarun da damina ta yi kyau, ƙasar na ba da hatsin da ya wuce bukatar mazaunanta, kuma wannan rarar ce ta juya dukan tattalin arzikin sahara ta tsakiya.

Tsarin a bayyane yake. Da kaka, ayari kan tashi daga Abzin ɗauke da hatsi, ya ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, inda ake musayarsa da kantun gishiri da dabino. Da sanyi ayarin ya gangaro kudu ta Damargu zuwa Damagaram da Kano, a sayar da gishiri, raƙuma su yi rani suna kiwo a gonakin da aka girbe, suna bar musu taki. Kafin damina a koma arewa da turkuɗi da sauran tufafi, da kuma sabon hatsi. Ba don hatsin Damargu ba, da mutanen Bilma ba su sami ƙarfin haƙar gishiri ba, da kuma Agadas ba ta zaunu ba. A ƙarshen ƙarni na 19 Damargu ta ƙara da gashin jimina, wanda fatake ke kaiwa Tarabulus, daga can ya wuce Turai.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa ba duk hatsin ne ya tafi arewa ta hanyar ciniki ba. Manyan Abzinawa na da ƙauyuka da gandaye a Damargu, inda bayi da barori ke noma musu, talakawa kuma na ba da wani kaso na amfanin gona domin a kare su daga hari. Saboda haka cikin guzurin da ya tayar da hasumiyar akwai ribar ɗan kasuwa, akwai sadakar mai neman lada, akwai kuma gumin wanda ba a nemi yardarsa ba. Tarihin da ya ambaci sarki da waliyyi ya tsallake waɗannan, bai cika ba.

Dangantakar ƙasashen biyu ta sake bayyana a lokacin tsanani. Kawsan, jagoran tawayen Abzinawa, a Damargu aka haife shi wajen 1880. A watan Disamba na 1916, da goyon bayan Sarki Tagama, ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya, har zuwa farkon Maris na 1917 da rundunar da ta taso daga Damagaram ta iso. Ramuwar gayyar da ta biyo baya ta yi muni: an kashe malamai da dama, an watsa jama'a, aka kora da yawansu kudu. Tun kafin wannan, isowar jirgin ƙasa Kano da kamun Tarabulus da Italiya ta yi, duka a 1911, sun riga sun karya fataucin ƙetare sahara. Agadas ta koma kamar ƙauye. Amma ayarin gishiri da hatsi bai mutu ba, ƴan mutanen da suka rage kuma ba su daina hawa itatuwan goriba da ƙasa a hannu ba.

Inda dutse ya riƙe lissafi

Domin a ƙara fahimtar wannan alaƙa ta dogon gini da rumbu, yana da kyau a leƙa wata ƙasa mai nisa inda aka rubuta ta ɓaro-ɓaro a jikin bango. Masu kallon finafinan Indiya sun saba ganin dogayen wuraren ibada na mabiya addinin Hindu. Ɗaya daga cikin mafi girmansu shi ne haikalin Birihadishwara da ke birnin Tanjabur, a jihar Tamil Nadu ta kudancin ƙasar. Sarki Rajaraja na ɗaya, na daular Cola, wanda ya hau mulki a 985, shi ya gina shi domin abin bautarsu Shiba, aka kuma kammala shi a 1010, shekara 500 ke nan kafin zamanin Zakariya.

Addinan biyu sun sha bamban, haka ma manufar gine-ginen. Masallaci wurin taruwar jama'a ne a sahu, hasumiyarsa na gefe domin ladan. Haikalin Hindu kuwa ana ɗaukarsa gidan abin bauta, zuciyarsa wani ɗaki ne mai kusurwa huɗu wanda masu hidima kaɗai ke shiga, kuma a bisa wannan ɗaki ne ake tayar da hasumiya. Ta Tanjabur ta kai kimanin mita 60, tana da hawa 13, tana tsaye cikin haraba mai tsawon kusan mita 240 da faɗin 120. Duk da wannan bambanci, maginan biyu sun fuskanci matsala guda, suka kuma ba ta amsa iri ɗaya: gindi mai faɗi, jiki mai tsukewa, ciki rarake domin rage nauyi. A Tanjabur kowane sahun dutse na ɗan zarce na ƙarƙashinsa zuwa ciki har bangaye suka haɗu a sama. Dutsen kuwa mai tsananin tauri ne, kuma babu shi a kewayen birnin, daga nesa aka jawo shi.

Abin da ya fi jan hankalin mai nazarin tarihi shi ne rubutun da ya zagaye gindin haikalin. Rajaraja ya sa an sassaƙa lissafin dukan kyaututtukan da aka bayar, nasa da na yayarsa Kundabai da na matansa da hakimansa. An jera ƙauyukan da za su riƙa kawo shinkafa kowace shekara, akasarinsu daga kwarin kogin Kaberi mai albarka, wasu ma daga tsibirin Siri Lanka. An rubuta sunayen mata 400 masu rawar ibada, kowace da gidanta da rabonta na shinkafa, da na makaɗa, masu gadi, maɗinka, magina da masu lissafi. Hatta makiyayan da aka danƙa wa shanu da tumaki bisa sharaɗin kawo man shanu kullum domin fitilu, sunayensu na nan. Kwarin Kaberi shi ne Damargun Tanjabur. Bambancin kawai shi ne can dutse ya riƙe sunan ƙauye da na makiyayi har shekara 1,000, nan kuwa laka ba ta riƙe rubutu, sai abin da baki ya ɗauka.

Dutse da laka

Ɗan Rajaraja, Rajendra, ya ɗauke fada daga Tanjabur ya kafa sabon birni da nasa haikalin. Daular Cola ta faɗi a 1279, sarautu suka yi ta sauyawa, wasu suka gyara, wasu suka yi sakaci, haikalin bai gusa ba, har UNESCO ta karɓe shi a 1987. Dutse na haƙuri da mantuwa. Ginin ƙasa ba shi da wannan haƙuri. Idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta jiƙa ta ruɓe. Idan yaɓe ya zube aka ƙyale, damina ta gaba ta tarar da tubali tsirara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shekarun baya-bayan nan sun ba da shaida mai ɗaci. A farkon Satumba na 2009 ambaliyar koramar Telwa ta rushe dubban gidaje a Agadas. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Ranar 3 ga Satumba 2024, a wata damina mai ruwan da aka daɗe ba a ga irinsa ba, tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙarni na 19, ya faɗi. Mutanen jihar Damagaram ba su bukatar a ba su labarin wannan rashi.

Haɗarin ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Sau da yawa mai kyakkyawar niyya kan lulluɓe tsohon bango da siminti, yana zaton ya huta da yaɓe har abada. Alhali bangon ƙasa numfashi yake yi: yana shan danshi, yana fitar da shi. Siminti na kulle danshin a ciki, ƙasa ta yi ta narkewa a ɓoye, ranar da ɓawon ya ɓalle a tarar babu komai a bayansa. Ga kuma ƙarancin goriba da giginya, ga matasa sun fi karkata ga bulo, wanda ya fi kawo kuɗi da wuri. Tsohon magini da ya san ƙasar wane rami ce ke da danƙo, da yadda ake dafa makuba daga kwasfar ɗorawa domin yaɓe ya jure ruwa, idan ya rasu ba tare da almajiri ba, an rufe makaranta guda. Rumbun ma ya raunana: tun farin 1973 da na 1984, da ƙarancin abinci na 2005, Damargu da ta ciyar da sahara ta sha neman abin da za ta ci.

Sai dai akwai shaidar cewa sana'ar na iya rayuwa. A ƙauyen Yama na jihar Tawa, jama'a sun yi gayya a 1962 suka gina masallacin Juma'a na ƙasa ƙarƙashin jagorancin Falke Barmu, manomi kuma magini, suka yi ta ƙara masa hasumiyoyi, har ginin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. A Jenne ta ƙasar Mali, yaɓen babban masallaci, wanda aka sake ginawa a 1907, ya zama bikin gari, yara na ɗauko ƙasa, mata na kawo ruwa, magina na kan tsani.

Kammalawa

Haikalin Tanjabur na shaida ƙarfin sarki guda da wadatar zamani guda. Hasumiyar Agadas na shaida wani abu dabam: cewa tsawon shekara 500, cikin yalwa da yunwa, cikin yaƙi da ƙaura, ba a taɓa rasa waɗanda suka koma gare ta da ƙasa a hannu ba, ba a kuma rasa waɗanda suka ciyar da su ba. Tsayuwarta a yau ba ta lamunce tsayuwarta gobe, sai in sarƙar ba ta tsinke ba.

A nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu yake. Ɗalibin Tanut ko na Balbeji da ake koya wa darasin masarautar Abzin ya kamata ya san cewa gonar kakanninsa na cikin darasin. Abin da masassaƙan Rajaraja suka yi da guduma, ɗalibi na iya yinsa da alƙalami da littafi: ya zauna gaban tsofaffin garinsu ya rubuta sunayen magina da na waɗanda suka koya musu, da rijiyoyin da ayari ke sauka, da gidajen da ke saukar da madugai, da shekarar da aka gina tsohon masallacin gari da waɗanda suka kawo azara. A rubuta da Hausa, da Tamajak, da Barbarci, da Fulatanci, yadda aka faɗa. Ƙungiyoyi kuma na iya mayar da duban rufi da indararo da yaɓen bango aikin gayya na kowace bazara, kafin hadarin farko ya taso, tare da sa matasa kusa da tsofaffin magina domin su ga yadda hannu ke tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hasumiya.